Juma'ar Farko ta Watan Aadi

Ganyen darbejiya na fara gani rataye a saman ƙofar gidanmu tun kafin in sauko daga mota, ban kuwa kawo komai a raina ba. Sai da na shiga tsakar gida na tarar da mahaifiyata Meenambal, wadda muke kira Amma, ta durƙusa tana dirje tulunta na tagulla da tsamiya, ga tamba a jiƙe cikin babbar tukunya, ga sarinta mai launin kurkum a kan igiya, sannan gabana ya yanke ya faɗi.

Ko gaisuwa ban yi ba.

"Amma, yau nawa ga wata?"

Ba ta ɗago ba. "Wane watan? Naku na Chennai, ko namu na mutane?"

"Namu."

"Aadi ya kama. Gobe Juma'arsa ta farko. Ke har sai an gaya miki, Nithila? Ba ki ji iska ba?"

Jakata ta suɓuce daga hannuna. Na zauna daɓas a kan dakali, domin gobe ne fim ɗina zai fita, kuma a kan goben nan aurena yake rataye.

Shekara goma na yi ina rawa a bayan mazan da wasunsu sun girmi Appa, mahaifina. A ce yi kuka in yi, a ce gudu ki ɓuya bayan jarumi in ɓuya. A fosta kuwa fuskata ba ta taɓa kai girman agogon hannun jarumin ba. Ana haka Arul ya zo mini da labarin wata mace da teku ya cinye mijinta, ta ɗauki jirginsa ta shiga ruwa. Babu jarumi a ciki ko na magani. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, ni na hau jirgin.

Ba zan ɓata bakina wajen faɗin yadda muka fara son juna ba. Wata huɗu a bakin teku, rana ta ƙona mu tare, shi ke nan.

Da aka gama, dillalan fim na Chennai suka kalla, wasu har da share hawaye, sannan kowa ya mayar da hankicinsa aljihu ya yi tambaya ɗaya: "To ina namijin?" Wani ya ce ko na minti biyar ne a sa wani ƙato ya zo ya karya ƙashin mutum goma ya tafi. Wani ya ce samari ke sayen tikitin ranar farko, su ke zuba wa hoton jarumi madara a ƙofar sinima, wa ya taɓa ganin an zuba wa mace? Duk suka janye hannu. Mutum ɗaya ne ya saya, Rathnavel, ɗan yayar Appa, mai gidajen sinima a nan Madurai da kewaye. Ni sakarya na ɗauka zumunci ne.

A al'adarmu ɗan gwaggo shi ke da haƙƙin farko a kan 'yar kawunsa, ko da ta doshi shekara talatin kamar ni. Arul kuwa Kirista ne, ɗan masunta daga Thoothukudi. Ranar da ya zo neman aurena, Appa bai ce masa ya zauna ba. Tsohon shugaban makaranta ne Appa, bai taɓa kallon fim ɗina ko ɗaya ba, ya ce idonsa ba zai ga 'yarsa tana karairaya a gaban gari ba.

"Da me za ka riƙe ta?" in ji shi. "Da fim ɗin da maza suka ƙi saye?"

"Yallaɓai, mutane za su zo. Ku ba ni dama kawai."

Rathnavel yana gefe yana juya zoben hannunsa. Ya ce, "Kawu, ai abin mai sauƙi ne. Nunin farko, safiyar Juma'a, a sinimata ta nan gari. In aka rataya allon An Cika, ku ba shi ita, ni zan kama masa lema ranar biki. In kujera ɗaya ta rage, ya koma bakin tekunsa. Sai dai fa ba shi ba sayen tikiti, ba ita ba, ba mutanensu ba. Mun san yadda ake yi a Chennai."

Na yi ta girgiza wa Arul kai daga bakin ƙofar kicin. Bai kalle ni ba. Appa ya kunna kafur a faranti, ya kashe wutar da tafinsa. Ya sake kunna wani ya miƙa. Arul, wanda ko a mafarki bai taɓa irin rantsuwar nan ba, ya ɗora hannunsa ya danne har na ji ƙaurin fata.

Ranar fitar fim ɗin ma Rathnavel ne ya zaɓa. Ya ce ita kaɗai ce Juma'ar da babu wani babban jarumi a kasuwa, muka yi ta masa godiya. Mu da watan Turawa muke lissafi. Arul bai san Aadi ba sai a baki, ni kuma da na sani Chennai ta wanke mini kai.

A Juma'ar Aadi duk macen da ke iya taka ƙafarta a Madurai tana hanyar haikalin Mariyamman, abar bautarmu da muke kira Uwa, tun safe, da tulun kunu a ka, ba ta dawowa sai rana ta karkata. Fim ɗina kuwa in ba mata ba, wa zai zo?

Ina nan zaune na ji ƙarar motar Rathnavel. Ya shigo da farin veshti, zanen maza, mai bakin zinariya da kwalin alawa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Appa ya fito daga ɗaki yana gyara tabarau.

"A'a, tauraruwa ta sauka!" in ji Rathnavel. "Ya na gan ki wani iri? Ko yunwar 'yan fim ce? Ungo alawa."

"Ka sani," na ce. "Tun ranar da ka zaɓa ka san Aadi ce."

"Ni? Ni ɗan kasuwa ne, ba mai duba ba. Ke da aka haifa a gidan nan ba ki tuna ba, sai ni?" Ya juya wajen Appa yana dariya. "Kawu, kun ji fa. Wai ni na ƙirƙiro watan Aadi."

"Appa, wannan ba adalci ba ne. Ku ce a ɗaga zuwa Litinin. Kwana uku kawai."

Appa ya buɗe tafinsa ya nuna mini. Tabon yana nan, zagaye, ya yi duhu.

"Wannan ya ce Litinin?"

"Appa..."

"Ni ban zaɓi rana ba. Yaron nan da bakinsa ya ce mutane za su zo, bai ce sai in haikali ya ba su hutu ba. Magana zarar bunu ce." Ya yi tari, ya dafa ƙirjinsa na ɗan lokaci. Mahaifiyata ta saki tulun ta miƙe tsaye, ya ɗaga mata hannu alamar ba komai.

Haka muke a gidan nan tun ranar da ya faɗi a gaban aji ina sakandare. Likita ya ce zuciya ce. Mahaifiyata ta tafi gaban Mariyamman ta yi alkawari: duk Juma'ar Aadi za ta ɗauki tulun kunu daga ƙofar gida, ba takalmi, ba za ta sauke shi daga kanta ba sai a gaban Uwa, ita kuma Uwa ta bar mata mijinta. Ba ta taɓa fashi ba, ko shekarar da zazzaɓi ya kusa kai ta ƙasa. A wurinta zuciyar Appa a cikin tulun nan take, ni ma kuma, duk da bokona, ban taɓa yarda in taɓa shi da wasa ba.

Da Rathnavel zai fita ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kar ki damu. Bayan biki ba sai kin sake shiga rana ba. Sinima bakwai gare ni, ki zauna a sama ki kalli wasu suna wahala."

Na bar masa alawarsa a kan dakali, tururuwa suka same ta.

*

Da la'asar na sami Arul a bakin kogin Vaigai, ƙarƙashin gada, inda masu wanki ke shanya. Na rufe fuskata da gefen sari. Iskar Aadi, wadda tsofaffi ke cewa tana ɗaga dutsen niƙa, tana ta kaɗa zannuwan mutane.

Kallo ɗaya na yi masa na san ya riga ya ji. Idanunsa sun faɗa.

"Mai shayin ƙofar sinima ne ya gaya mini," ya ce. "Yana dariya. Ya ce, malam, gobe ko matata ba za ta zo ba, kuma kyauta take shiga."

"Mu gudu."

"Nithila."

"Mu gudu yanzu! Akwai jirgin ƙasa da yamma. Mu je ofishin rajista a Chennai, mutum nawa suka yi haka? Ni ba yarinya ba ce, ba wanda zai ɗaure ni."

Ya buɗe hannunsa. Nasa tabon ya fi na Appa muni, don shi bai san ana dannawa a ɗaga da sauri ba.

"Ba addininka ba ne!" na ce, kuka ya ƙwace mini. "Kafur ne kawai, Arul, a shago ake sayar da shi! Ubangijinka bai san da shi ba!"

"Ya sani. Yana wurin." Ya rufe tafinsa. "Mahaifinki ya ɗauka ɗan masunta ba shi da magana ɗaya. In na gudu da ke na tabbatar masa. Kuma ki gaya mini gaskiya, in labari ya iske shi ya faɗi, za ki iya kallon fuskata da safe? Shekara ɗaya? Goma?"

Na share hawayena da bayan hannu.

"To in kujerun suka ƙi cika fa?"

Ya juya yana kallon kogi.

"Ka faɗa! Ina so in ji da bakinka."

"Zan tafi."

Na kama gaban rigarsa na yi ta jijjiga shi. "Ka sa ni a caca! Kai da Appa da wancan, kun zauna kun sa ni a tsakiya kamar akuyar haikali! Wa ya tambaye ni? Ina girgiza maka kai, ka ƙi kallona!"

"Da na kalle ki da ban iya ba." Hawaye suna bin gemunsa. "Na yarda da fim ɗin nan, Nithila. Na yarda da ke a cikinsa. Na ɗauka in suka gan ki a kan jirgin nan babu wanda zai iya zama a gida. Girman kai ne, na sani. Ki yafe mini."

"Ba zan auri Rathnavel ba."

"Na sani."

"Kuma ba zan same ka ba."

Wata mai wanki ta ɗago ta dube mu, ta ce wa 'yar'uwarta da ƙarfi, "Ga wasu can sun kawo sinima har bakin kogi, kyauta." Ba ta san ko wace ce ni ba. Na ja mayafina na tafi.

A gida na tarar da mahaifiyata tana dama kunun. Na zauna ina yanka mata ƙananan albasa, ina fakewa da su. Ban roƙe ta komai ba. Me zan roƙa? Matar da ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wai me ke cikin fim ɗin?"

Na gaya mata.

"Ana marinta?"

"A'a."

"Tana rawa da cibiya a waje?"

"A'a, Amma."

"To me take yi har awa biyu?"

"Tana ciyar da gidanta."

Muciyar ta tsaya. Sannan ta ci gaba da juyawa. "Yanka ƙanana," ta ce, "kin manta komai."

*

Safiyar Juma'a ban iya haɗiye ko kofi ba. Mahaifiyata ta riga ta fita wajen da matan unguwa ke taruwa. Ni da Appa muka hau keke mai ƙafa uku har ƙofar sinima.

Ga ni can a sama, a kan fosta, ni kaɗai, da igiyar jirgi a hannu. Shekara goma ina mafarkin ganin haka. Yau da na gani sai na ji kamar an tsayar da ni tsirara a kasuwa. Babu ganga, babu madara, babu samari masu fito. Wani kare ne kwance a inuwar fostar.

Rathnavel ya sa an kawo wa Appa kujera a baranda, daidai inda zai ga tagar tikiti. Allon An Cika yana jingine a lungu, fuskarsa a bango. Arul yana tsaye can nesa kusa da mai shayi, ya sa farar riga kamar mai zuwa coci, ko jana'iza.

Suka fara zuwa ɗaiɗai. 'Yan kwaleji da suka gudo daga aji. Wasu masoya biyu masu neman duhu. Tsofaffi masu neman fanka. Wani ya leƙa tagar ya tambayi tsohon mai tikiti, "Wa ye jarumin?" Da aka ce babu, ya ce, "Au, fim ɗin gwamnati ne?" ya juya abinsa.

Na leƙa ciki. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ko sulusi ba a yi ba.

Ƙararrawar farko ta kaɗa. A tsofaffin sinimominmu sau uku ake kaɗawa, ta uku ita ce rufe ƙofa.

Na jingina da ginshiƙi ina jin bugun zuciyata a cikin kunnena. Na kalli Arul, ya kalle ni, ya yi ƙoƙarin murmushi abin ya ƙi.

Sai muka ji ganguna daga ƙasan titi.

Ga su nan tafe, titi ya cika maƙil, rawaya da ja iya ganin ido, kowace da tulu a ka da ganyen darbejiya a hannu, ƙafafu ba takalmi a kan kwalta mai zafi. Matan da na yi wa fim ɗin kenan. Masu sayar da fure, masu aikin asibiti, matan masaƙa, kakanni da jikoki. Suna wucewa ta gaban ƙofar, taku kaɗan tsakaninsu da tagar tikiti, babu wadda ta waiwayo.

"Kai, jama'a!" in ji Rathnavel yana tafa hannu. "Kawu, kun ga kasuwa? Da Uwa tana sayar da tikiti da ta fi ni kuɗi."

Na rufe idona. Ba na son in ga ƙarshensu.

Abin da ya sa na buɗe shi ne gangar da ta yi shiru.

Wani ɓangare na ayarin ya tsaya. A gabansu wata 'yar gajeruwar mace ce da tulun tagulla, ta juyo ta fuskanci sinima. Na san tulun kafin in gane fuskar.

Mahaifiyata ta tako har bakin ƙofa, matan unguwarmu a bayanta, bayansu kuma wasu da ban taɓa gani ba. Wata tsohuwa mai manyan hujojin kunne, Sornam, da kowa ke kira Paatti, wato kaka, wadda ta yi mini wankan jariri, ta ɗaga kai ta ƙare wa fostar kallo.

"Wannan 'yar Meenambal ce? Wadda ke mana fitsari a cinya? Kai, ta yi baƙi!" Ta juya ga mai tikiti. "Kai tsoho, an ce a wannan ba a marin mace. Gaskiya ne?"

"Ban kalla ba, Paatti."

"To in aka mare ta kai zan rama wa. Ba ni na gaba, idona ba ya gani."

Rathnavel ya miƙe. "Paatti, haikali fa? Za ku bar Uwa tana jira?"

"Uwa gudu za ta yi? Tana nan zaune tun kafin a haifi kakanka. Kunu kuwa in ya ƙara tsami ya fi daɗi. Matsa mini, ƙamshinka na hawa mini kai."

Suka fara sauke tuluna a baranda, layi-layi, suna kwance bakin sari suna ciro kuɗinsu. Wata tana cewa maigidanta ya ɗauka tana haikali har la'asar, yau ta ga banza. Wata tana tambaya ko akwai waƙa. Na toshe bakina da mayafi, ina kuka ina lissafin da ban iya ba, ina tsoron in yi murna a ji ni.

Rathnavel ya matso kusa da Appa. "Kawu, wannan ai mutanenta ne. Sharaɗi ya karye."

Appa bai kalle shi ba. Idonsa yana kan matarsa. "Matata mutuniyata ce," ya ce. "Kuma kowace da kuɗinta ta saya. Ina gani."

Ita kuwa mahaifiyata ba ta shiga layi ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, tulu a ka, hannu ɗaya ya tallafe shi, gumi yana wanke kurkum ɗin fuskarta. Na gane nufinta. Ta rako su ne kawai, ta ga sun shiga, ta wuce ta cika alkawarinta.

Layin ya ƙare. Ragowar ayarin ya riga ya sha kwana, gangarsu tana nisa. Titi ya koma wayam, sai ganyen da aka tattake.

Ƙararrawa ta biyu ta kaɗa.

Mai tikiti ya leƙo ta tagarsa, ya dubi maigidansa a tsorace, sannan ya dubi Appa.

"Saura biyu, yallaɓai."

Na waiga hagu da dama. Mai shayi ya riga ya rufe tukunyarsa ya shige tun ɗazu. Babu kowa. Arul ya fita tsakiyar titi yana dube-dube kamar wanda ya yar da yaro a kasuwa, bakinsa yana motsi, ba shi da ikon kiran kowa.

Mahaifiyata ta dubi titin da ke zuwa haikali. Ta dube ni. Sannan ta tako a hankali har gaban kujerar Appa, ta ɗaga hannu biyu ta kama tulun.

"Amma, a'a!" Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Kar ki sauke! Na haƙura! Na rantse na haƙura!"

Ta sauke shi. Na ji ƙarar tagulla a kan siminti har cikin haƙorana.

Appa ya kafe tulun da ido.

"Kin sauke."

"Na sauke."

"Raina fa?"

"Naku na roƙa shekara da shekaru, ba ta taɓa hana ni ba. Yau na 'yata na kawo mata. Ita ma uwa ce. In ta yi fushi, ta fara da ni." Ta share fuskarta da gefen sari. "Kun kashe wuta da hannunku, ba ku tambaye ni ba. Ni ma ban tambaye ku ba."

Ta je taga ta kwance bakin sarinta. Da ta karɓi tikitin ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin labule tana kallon mijinta kamar mai jiran a ce ya faɗi.

"Saura ɗaya," in ji Rathnavel. Dariyar ta bar fuskarsa, sai haƙora. "Ɗaya ma kujera ce, Kawu. Haka muka yi." Ya ture yaron ƙofa gefe ya nufi igiyar ƙararrawa da kansa.

Mu huɗu ne muka rage ba tikiti. Ni an hana ni. Arul an hana shi. Rathnavel ya kama igiya.

Appa ya miƙe.

Bai kalli kowa ba. Ya taka zuwa taga, taku irin na mai tafiya cikin ruwa. Da ya isa ya dafa katakon da hannun hagu, ya sunkuyar da kai, hannunsa na dama ya tafi ƙirjinsa ya damƙe.

Mahaifiyata ta ƙwalla ƙara. Na ruga, Arul ya riga ni isa, ya tallafe shi ta baya. Fuskar Appa ta yi fari kamar toka, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ce shi ke nan, Uwa ta karɓi abinta, ni na kashe shi, ni da fim ɗina.

Yatsunsa suka fito daga aljihun rigar, riƙe da takardar kuɗi a ninke.

"Ɗaya," ya ce wa mai tikiti.

Rathnavel ya saki igiyar. "Kawu! Ku da kuka ce idonku ba zai..."

"Wancan ban kashe masa wuta ba." Ya karɓi tikitin. Ya dubi hannun Arul da ke riƙe da kafaɗarsa, hannun mai tabo, ya daɗe yana kallo. "Sake ni, ba faɗuwa zan yi ba. Je ka rataya allonka. Kai ma sai an gaya maka?"

Arul ya ɗauko allon daga lungu, bai sami ƙusar ba sai a karo na biyu. Ƙararrawa ta uku ta kaɗa, mai tikiti ne ya ja ta. Daga ciki na ji mata sun ɗauki guɗa, ƙarar teku ta cika sinimar.

Ya kamata in yi murna. Allon yana lilo a iska, Arul yana kiran sunana yana kuka yana dariya.

Ni kuwa Appa nake kallo. Mahaifiyata ta ɗaga masa labule, ya sunkuya zai shiga duhun, tikitin yana hannunsa na hagu. Kuɗin ya riga ya biya, babu sauran abin da zai ciro a aljihun nan.

Hannunsa na dama bai bar ƙirjinsa ba.